Sharhi: Sana'ar Juya Wasan Kwaikwayo Zuwa Gajeren Wasan Waƙa, da Abin da Rayuwar Tom Jones Ta Nuna

Ranar 11 ga Agustan 2023 wani marubucin Amurka mai suna Tom Jones ya rasu yana da shekara 95. Ba shi ne mawaƙin nan ɗan yankin Wales na Birtaniya da suke suna ɗaya ba. Wannan haifaffen jihar Teksas ne, kuma sana'ar da ya yi fice a kanta ita ce ɗaukar wasan kwaikwayon da wani ya riga ya rubuta, ya sake gina shi da waƙa. Ɗaya daga cikin ayyukansa, The Fantasticks, an yi kusan shekara 42 ana nuna shi a gidan wasa ɗaya a birnin Niyok ba yankewa.

Irin wannan sana'a tana jawo ruɗani ta fuska uku. Wasu na ɗauka cewa aikin bai wuce a nemi wasa a cusa masa waƙoƙi ba. Wasu na ganin cin gumin wani ne, ko alamar marubuci ya rasa abin faɗa. Wasu kuma na ɗaukar gajeren wasa a matsayin na koyo, wanda bai kai a kira shi aiki ba. Tarihin Jones da na waɗanda suka gabace shi ya isa a auna waɗannan zato uku da shi.

Ma'anar kalmomi

Wasan kwaikwayo na dandamali shi ne wanda 'yan wasa ke yi a gaban 'yan kallo ido da ido, kuma zance ne ke ɗauke da labarinsa. Wasan waƙa, wanda Turawa ke kira miyuzikal, shi ne wanda zance da waƙa da kiɗa, wani lokaci har da rawa, ke karɓa-karɓa wajen ɗaukar labarin. Ya bambanta da ofera, wadda a cikinta kusan komai rera shi ake yi. Ya kuma bambanta da abin da aka saba gani a finafinai da yawa na Indiya da na Kannywood, inda ake dakatar da labari a yi waƙa, in an gama a koma inda aka tsaya. A wasan waƙar da ya ginu, idan aka cire waƙa ɗaya sai a bar rami a labarin, domin a cikinta ne jarumi ya yanke shawara, ko ya gane abin da bai gane ba a da.

Juyi, a wannan sharhi, na nufin ɗauke labari daga wani salo zuwa wani. Ba fassara ba ne, domin mai fassara harshe yake canjawa ya bar ginin yadda yake, mai juyi kuwa ginin yake rushewa ya sake ɗorawa. Aikin ya kasu uku: akwai mai rubuta zance da tsara fitowa-fitowa, abin da ake kira libireto, akwai mai rubuta baitocin waƙa, akwai mai tsara kiɗa. A mafi yawan ayyukansu Jones ne ke yin biyun farko, abokin aikinsa Harvey Schmidt ya yi na ukun.

Cikakken wasan waƙa yakan zo kashi biyu da hutu a tsakiya, ya ci awa biyu da rabi ko kusa da haka. Gajere kuwa kashi ɗaya ne babu hutu, daga minti 10 zuwa kamar awa ɗaya. Sai kalmar Birodwe, sunan wani titi a Niyok da ya zama laƙabin manyan gidajen wasa masu kujera 500 zuwa sama. Waɗanda ke da kujera 100 zuwa 499 su ake kira na wajen Birodwe, kuma a nan ne ƙananan wasanni ke samun mafaka.

Inda al'adar ta samo tushe

Yawancin manyan wasannin waƙa na Amurka daga wani aiki aka juyo su. Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein, wanda aka buɗe a 1943, ya fito ne daga Green Grow the Lilacs na Lynn Riggs. Wasan Riggs sau 64 kawai aka nuna shi a Birodwe a 1931, amma wanda aka juya ya kai nuni 2,212. Carousel na 1945 ya fito daga Liliom, wanda Ferenc Molnár ɗan ƙasar Hungary ya rubuta a 1909, aka ɗauke labarin daga birnin Budapest zuwa gaɓar teku a jihar Maine. My Fair Lady na 1956 kuma daga Pygmalion na George Bernard Shaw aka samo shi.

Su kansu masu sana'ar suna ɗaukar juyi a matsayin makaranta. Lokacin da Hammerstein ya ɗauki matashi Stephen Sondheim yana koya masa aiki, sai ya ɗora masa rubuta wasanni huɗu bi da bi: na farko daga wasan kwaikwayon da yake ganin ya yi kyau, na biyu daga wanda yake so amma yake ganin yana da rauni, na uku daga labarin da ba na dandamali ba, na huɗu kuma ƙirƙirarsa. Tsarin ya nuna yadda suke kallon abin. Sai ɗalibi ya buɗe cikin wasan wani ya ga yadda aka haɗa shi, sannan ya iya haɗa nasa.

Tom Jones da wasan da ya ƙi ginuwa

An haifi Jones a 1928 a garin Littlefield, ya haɗu da Schmidt a Jami'ar Teksas da ke Austin. Wasan da ya ɗauki hankalinsa shi ne Les Romanesques, wanda Bafaranshe Edmond Rostand ya fitar a Paris a 1894, shekara uku kafin shahararren wasansa Cyrano de Bergerac. Labarin wasu dattawa biyu ne maƙwabta da ke son haɗa 'ya'yansu aure. Sun san yaro ba ya son abin da aka zaɓa masa, don haka suka yi gabar ƙarya, katanga ta raba gidajensu, suka hana yaran haɗuwa domin haramcin ya hura musu wutar so. Daga baya suka yi hayar wani ya yi kamar zai sace yarinyar, don saurayin ya cece ta a sami dalilin sulhu.

Yunƙurin Jones na farko, tare da wani mai tsara kiɗa J. Donald Robb, an nuna shi a Jami'ar New Mexico a 1956 da sunan Joy Comes to Deadhorse, an ɗauke labarin zuwa gonakin kiwon shanu na yammacin Amurka. Bai gamsu ba. Shi da Schmidt suka shafe shekaru suna ƙoƙarin mai da shi babban wasa irin na Rodgers da Hammerstein, mai taron mawaƙa da 'yan rawa, abu ya ƙi. Ƙaramin labari ne mai mutane kaɗan, kuma duk abin da aka ƙara masa sai ya danne shi.

Mafita ta zo a 1959. Abokinsu na jami'a, darakta Word Baker, ya sami damar shirya gajerun wasanni a Kwalejin Barnard da ke Niyok lokacin hutun bazara, ya ce zai sa nasu idan za su mai da shi kashi ɗaya cikin mako uku. Suka watsar da kusan duk abin da suka tara, suka fara daga tushe. Wani furodusa mai suna Lore Noto ya ga gajeren wasan, ya nemi su faɗaɗa shi zuwa kashi biyu. Aka buɗe shi da sunan The Fantasticks ranar 3 ga Mayun 1960 a gidan wasan Sullivan Street mai kujera kusan 150, da jarin dala 16,500. Masu sharhi a jaridu sun rabu a kansa, amma Noto ya ƙi rufewa. Ba a daina nuna shi ba sai ranar 13 ga Janairun 2002, bayan nuni 17,162. An sake farfaɗo da shi a Niyok a 2006, ya ci gaba har 2017.

Abin da ke kan dandamalin ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan hikimar take. 'Yan wasa takwas ne. Akwai ɗan dandamali na katako da sanduna a kusurwoyinsa, da benci, da akwatin da ake ciro kayan wasa daga ciki, har ma wasu tsofaffin 'yan wasa biyu daga cikinsa suke fitowa. Katangar da dukan labarin ya rataya a kanta ba a gina ta ba. Wani ɗan wasa da ba ya magana ne ke tsayawa ya miƙe sanda tsakanin masoyan, shi ke nan katanga ta tsaya. Shi ne kuma ke yayyafa gutsattsarin takarda idan ana son ruwa ko dusar ƙanƙara. An yanka faifan kwali an rataye, fuska ɗaya wata, ɗayar rana. Kashin farko a farin wata ake yin sa, lokacin da komai ke da daɗi. Da an shiga kashi na biyu sai a juya kwalin, rana ta fito, masoya da iyayensu su fara ganin aibin juna. Kayan dandamalin duka dala 900 suka ci, kiɗan kuma ya dogara ne a kan fiyano da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kira haf.

Jones bai tsaya a ragewa kawai ba. Ya ɗauki mutumin da aka yi haya don satar ƙarya ya mai da shi mai ba da labari, El Gallo, wanda ke magana da 'yan kallo kai tsaye, kuma shi ne ke jefa masoyan cikin wahala da gangan don su girma. Rostand ya fi karkata ga yi wa soyayyar ƙuruciya dariya. Jones ya mai da labarin bayani a kan cewa so ba ya nuna sai ya sha wuya. Wannan ma'ana tasa ce.

Sauran ayyukansa

Bayan wannan nasara Jones da Schmidt sun shiga Birodwe. A 1963 suka fitar da 110 in the Shade daga The Rainmaker na N. Richard Nash, labarin wata budurwa da ta daɗe ba aure a garin da fari ya addaba, da wani ɗan damfara da ya zo ya ce zai sa a yi ruwa idan an biya shi dala 100. Nash da kansa ya rubuta zancen, Jones ya yi baitoci. A nan faɗaɗawa aka yi: wasan asali ya fi zama a gidan iyalin budurwar, wanda aka juya ya fito da mutanen gari duka. An nuna shi sau 330.

A 1966 suka koma ga ƙanƙantawa da I Do! I Do!, daga The Fourposter na Jan de Hartog. 'Yan wasa biyu ne kacal, Mary Martin da Robert Preston, da gado ɗaya a tsakiyar ɗaki, ana bin zaman aurensu tun daren farko. Wasan asali ya bi shekara 35, su suka mai da shi 50. Ya kai nuni 560. Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. Sun daɗe suna aiki a kan Grover's Corners, juyin Our Town na Thornton Wilder, an nuna shi kusa da birnin Chicago a 1987, amma bai taɓa isa Birodwe ba.

Yadda ake aikin

Abu na farko da mai juyi ke fuskanta shi ne lissafin lokaci. Maganar da za a faɗa cikin daƙiƙa 10, idan aka rera ta tana iya cin minti ɗaya ko fiye. Don haka duk waƙar da ta shigo sai wani zance ya fita. Aikin ya yi kama da na telan da aka ba babbar riga ya fitar da 'yar shara daga cikinta: gwanintarsa tana wajen sanin inda zai sa almakashi.

Na biyu shi ne gano gurbin waƙa. Marubucin wasan zance yakan ɓoye abin da ke zuciyar jarumi, ya bar mai kallo ya tsinto shi daga shiru ko kauce-kaucen magana. Mai juyi waɗannan wuraren yake nema, domin waƙa ce ke ba jarumi damar furta abin da ba zai faɗa da baki ba. A Carousel, lokacin da jarumin wasan, Billy, ya ji matarsa na da ciki, an ba shi waƙa ta kimanin minti bakwai shi kaɗai. Ya fara da alfaharin zai sami ɗa namiji, sai ya tuna tana iya zama mace, tsoron talauci ya kama shi, kafin ya rufe baki ya ƙudura zai samo kuɗi ko ta halin ƙaƙa. Fashin da ya kai shi ga halaka daga cikin wannan waƙa ya taso.

Na uku shi ne rage mutane da rassan labari. A gajeren wasa babu wurin labari na biyu. Akan haɗe mutum biyu ko uku su zama ɗaya, a zaɓi tambaya ɗaya da wasan zai amsa, a bar sauran.

Me ya sa ake juyi, kuma me ya sa gajere

Dalili na farko na sana'a ne. Wasan da aka riga aka gwada a gaban jama'a an san ƙashin bayansa na da ƙarfi, sai marubuci ya mai da hankali kan waƙa. Na biyu na kuɗi ne: wasan waƙa ya fi na zance tsada saboda makaɗa da mawaƙa, kuma mai zuba jari ya fi natsuwa da sunan da jama'a suka sani. Gajartawa tana rage wannan tsada sosai, ta ba sabon marubuci damar ganin aikinsa a dandamali ba sai ya jira attajiri ba.

Akwai kuma cibiyoyin da suka ginu a kan gajeren zubi. Ajin koyar da rubutun wasan waƙa na BMI a Niyok, wanda Lehman Engel ya assasa a 1961, yana ba ɗalibai aikin rubuta waƙa ga jaruman sanannun wasannin zance, kamar Blanche ta A Streetcar Named Desire. Bikin sababbin wasannin waƙa na ƙungiyar NAMT yana nuna wa furodusoshi minti 45 na kowane aiki. Kamfanin MTI kuma yana ba makarantu lasisin wasannin da aka taƙaita zuwa minti 30 ko 60 don yara.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu suka suna da hujja mai nauyi. Suna cewa waƙa tana tausasa abin da marubucin asali ya so ya yi zafi. Shaw ya ga haka da idonsa lokacin da aka juya wasansa Arms and the Man ya zama The Chocolate Soldier a 1908, aka zubar da sukar da ya yi wa yaƙi aka bar raha. Daga nan ya hana a taɓa Pygmalion, kuma sai bayan rasuwarsa a 1950 aka sami yin My Fair Lady. Tsoronsa ya tabbata ta wani ɓangare: shi ya nace cewa jarumar wasan, Eliza, ba za ta ƙare da malaminta Farfesa Higgins ba, amma wasan waƙar ya rufe da dawowarta gidansa, kamar yadda fim ɗin Pygmalion na 1938 ya yi. Haka Carousel ya ba labarin Liliom ƙarshe mai sa rai wanda babu shi a asali.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa juyi yana raya ayyukan da da sun mutu. Mutane ƙalilan ne a yau za su san Green Grow the Lilacs ko Les Romanesques ba don abin da aka yi da su ba. Suna ƙarawa da cewa aro tsohuwar hanya ce a adabi, domin Shakespeare ma yawancin labaransa daga littattafan tarihi da tsofaffin hikayoyi ya ɗebo su.

Akwai ra'ayi na uku da ya fi kusa da abin da tarihi ya nuna: ba kowane wasa ne ke karɓar waƙa ba. Wanda ya riga ya cika, kowace kalma tana wurinta, ba ya barin gurbi. Wanda ke da kyakkyawan labari amma ya bar wani abu ba a faɗa ba, shi ne ke amfana. A nan za a iya fahimtar dalilin da ƙaramin wasan Rostand ya buɗe wa Jones ƙofa, yayin da Our Town, wanda ake lissafawa cikin manyan wasannin Amurka, ya ba shi wahala.

Batun haƙƙin mallaka

Zargin sata yana warwarewa ne a wajen doka. Juya aikin wani haƙƙi ne na mai aikin, kuma sai da izininsa ko na magadansa. Yarjejeniyar Berne ta sa mafi ƙarancin kariya ya zama tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 50, ƙasashe da dama kuma sun kai shi 70, ciki har da Nijeriya a dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Idan wa'adin ya cika, aikin ya zama na kowa. Wannan ne ya sa sababbin marubuta ke yawan komawa ga tsofaffin wasanni. Inda mai aikin ke raye, akan yi yarjejeniya a rubuce, a sa sunansa a takardar sanarwa, a ba shi kaso daga kuɗin shiga. Wanda ya bi wannan hanya bai yi sata ba. Wanda ya ɗauka ya ɓoye tushe, ko da ya canja sunaye da gari, ya ci haƙƙi.

Abin da zai iya biyo baya

Tsadar shirya wasa ba raguwa take yi ba, don haka akwai alamar ƙananan wasanni masu 'yan wasa kaɗan za su ci gaba da yawaita, musamman a makarantu da jami'o'i da bukukuwan wasa. Amfanin haka shi ne ƙofa ta buɗe ga masu ƙaramin ƙarfi. Haɗarinsa kuma shi ne a saba da gutsure manyan ayyuka har yara su tashi ba su san cikakkensu ba, ko marubuta su maƙale a aro su kasa kaiwa mataki na huɗu da Hammerstein ya gindaya wa ɗalibinsa.

Batun bai yi nisa da mai karatun Hausa ba. Tashen da ake yi a watan azumi gajerun wasanni ne da waƙa ke ɗauke da su, kuma juyi ma an yi shi: littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasan dandamali a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Duk marubucin da ke son gwada juya wasan zance zuwa na waƙa, sharuɗɗan da aikin Jones ya nuna a bayyane suke. Ya nemi izini ya kuma ambaci tushe. Ya zaɓi wasan da ya bar gurbin da waƙa za ta cike. Ya yarda ya zubar da abin da yake so idan labarin bai buƙace shi ba. Sannan ya tabbata yana da abin da zai faɗa wanda marubucin farko bai faɗa ba, domin wannan ne ke mai da juyi ya zama sabon aiki mai sunan kansa.